Fentin Mota da Sana'ar Goge Shi

Motocin farko sun gaji fentinsu ne daga keken doki. A farkon ƙarni na 20 da buroshi ake shafa wa mota launi da man sheƙin katako, shafi bayan shafi, kowanne sai ya bushe an goge shi da garin dutse mai laushi kafin a ɗora na gaba. Aikin yakan ci makonni, sheƙin kuma ba ya jure rana da ruwan sama. Kamfanin Ford ya rage wannan jira da baƙin fenti da ake gasawa a tanda, kuma daga 1914 zuwa 1925 baƙar Model T kaɗai yake fitarwa.

Babban sauyi ya zo da Duco, fentin kamfanin DuPont na Amurka, wanda ake fesawa ya bushe cikin sa'o'i. General Motors ya fara sa shi a kan motar Oakland ta 1924, mai launin shuɗi. Sai dai irin wannan fenti a dushe yake bushewa, ba ya ƙyalli sai an bi shi da hannu ko da inji. Daga nan gogewa ta zama sana'a mai zaman kanta.

Man gogewa ba ya ƙara wa fenti komai, ragewa yake yi. A cikinsa akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kaifi, tamkar samfefa mai laushi ƙwarai, da ke kankare saman fenti har karce ya baje. A kan tsohon fenti abin a fili yake: wanda ya goge jar mota, tsummansa ja yake fitowa. Da yake launin yana da kauri a wancan zamani, ba a cika damuwa da wannan asara ba.

Kariya kuwa aikin kaki ce. Tun 1910 ake sayar da kakin mota na Simoniz a Amurka, kuma kakin da ya fi suna shi ne na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Burazil. Shanya ganyen ake yi, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narka. Kaki yana cike ƙananan ramuka, yana sa ruwa ya dunƙule ya gangara, amma bayan 'yan watanni ya tafi. Masu sana'a sun daɗe da sanin cewa gogewa ake fara yi, kaki ya biyo baya, domin man gogewa yana kwashe kaki nan take.

A shekarun 1980 masana'antu suka koma fenti mai hawa biyu a sama: siririn launi, sannan rufi garau mara launi da ke ɗauke da sheƙi yana tare zafin rana. Kaurin wannan rufi yawanci maikuron 40 zuwa 50 ne, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato bai kai kaurin gashin mutum ba. Tsumma ya daina nuna launi, amma asarar tana nan, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Shi ya sa ƙwararru suke auna kaurin fenti da na'ura kafin su ɗora inji.

Shafin seramik, wanda ya bazu a farkon wannan ƙarni, ruwa ne mai ɗauke da silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Ana ɗiga shi a kan ɗan soso, a shafa, a share ragowar cikin mintuna, sai ya daskare da taimakon danshin iska ya manne da fentin. Ya fi kaki tauri da daɗewa, har ana lissafa shi da shekaru, amma kaurinsa bai wuce maikuron ɗaya ko biyu ba. Tauri da kauri ba ɗaya ba ne, kuma masu talla sun fi son maganar na farko. Ko da man gogewa mafi laushi, idan aka sa inji, zai iya rage shafin ko ya cire shi gaba ɗaya, musamman a kwanakin farko, domin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya gama ƙarfi.

Wannan raunin yana da amfaninsa. Idan ragowar ruwan ta bushe ta bar tabo mai duhu ko mai launin bakan gizo, gogewa kaɗan ce maganinsa, kuma tun yana sabo ya fi sauƙin fita. Wurin da aka goge sai an share shi da sinadarin cire maiƙo an sake shafawa, in ba haka ba ya zama a buɗe. Ana gane hakan da watsa ruwa bayan an wanke wurin: inda shafi yake ruwa yakan dunƙule, inda ya tafi kuwa sai ya shimfiɗe.