Daga zunguru zuwa kwalbar jan farce: zare 🧵

1/ Satin da ya wuce na goge jan farcen da na shafa lokacin da nake fashin sallah. Farcena ya koma ruwan ɗorawa. Kakata a Rijiyar Zaki ta duba hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, wannan wane irin lalle ne bai kama ba?" 😭

2/ Tambayarta ta sa na waiwayi tarihi. Matan Hausa sun daɗe suna rina farce da gangan. A zamaninsu Kaka, sai a kwaɓa lalle, a zura hannu cikin zunguru, a kwana da shi. Ƙafa kuma a naɗe ta da ganye da tsumma, shi ya sa ake cewa ƙunshi.

3/ Ganyen lalle na da sinadarin lawsone mai kama keratin, abin da ya gina farce. A fata yakan koɗe cikin sati biyu zuwa uku. A farce kuwa sai dai sabo ya tsiro ya ture tsohon.

4/ Jan farcen kwalba baƙo ne. Cutex ya fito da na ruwa a Amurka a 1917, aka kafa Revlon a 1932. Har yau da yawa a Najeriya Cutex suke kiran kowane jan farce.

5/ Lalle launi ne kawai, ruwan alwala na taɓa farce. Jan farce kuwa rufi ne. Amma idan mai duhu ne ya daɗe, launinsa kan ratsa saman farcen ya bar tabo.

6/ Don haka kada ki kankare da reza, farcen kawai za ki sirantar. Yana tsiro kusan milimita 3 a wata, cikin wata 4 zuwa 6 ya sabunta.

7/ Rigakafi: ki fara shafa wanda ba shi da launi kafin mai launin. Kada ya wuce sati. Bayan kin goge, ki shafa man kaɗanya, don man gogewar na busar da farce.

8/ Idan farce ya yi kauri, yana marmashewa, ko ya yi kore, wannan ba tabon jan farce ba ne. Ki je asibiti.

9/ Ni dai ranar Juma'a Kaka za ta kwaɓa min lalle. Ta ce zungurunta na nan a rataye.