Duwatsun Kudu da Alƙalamin Matafiya

A shekarar 1955 wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya hau duwatsun Birnin Kudu don ya duba zanen shanu da ke cikin kogon dutse. Yana cikin aikinsa sai idonsa ya kai ga wasu falalen duwatsu masu ƙananan ramuka sumul-sumul, alamar hannaye da yawa sun daɗe suna bugun wuri ɗaya. Da aka ɗauki ɗan dutse aka ƙwanƙwasa, sai falalen ya yi amo kamar kuge. Shekara na zagayowa ya buga labarin a wata mujallar masana ta Landan mai suna Man, daga nan sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan masu binciken tarihin Afirka a matsayin garin duwatsu masu kiɗa.

Ga mutanen garin kuwa, ba sabon abu aka gano ba. Fagg da kansa ya tarar al'adar tana raye: idan biki ya zo, amare da ƙawayensu sukan je dutse, a yi kiɗa a jikinsa, yara kuma suna zamiya a kan santsin falale har wurin ya goge yana ƙyalli. Abin da baƙon ya fi su da shi alƙalami ne da wurin bugawa, da kuma albashin da ya ba shi damar ya zauna ya auna, ya zana, ya rubuta.

Zanen kansa ya isa a tsaya a kansa. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, shanu ne suka fi yawa, kuma duk makiyayin da ya dube su zai ga abin da ya ɓace: da yawansu ba su da tozo. Shanun da Fulani ke kora yau daga Surko zuwa Sundimina, ko daga Kangire zuwa Kantoga, farare bunaji ne da jajaye rahaji, kowacce da tozonta. Na jikin dutsen wasu masu dogon ƙaho ne marasa tozo, irin da suka ƙare a wannan yanki, wasu kuma gajeru ne masu kama da muturu, waɗanda yanzu sai an nausa kudancin Najeriya ake ganinsu da yawa. Wato kafin bunaji su cika wannan ƙasa, wasu mutane sun yi kiwon wasu shanu a nan, suka ƙaunace su har suka niƙa jan launi suka ajiye siffarsu inda ruwan sama ba ya taɓawa. Akwai irin wannan zane a Shira da Geji, cikin Jihar Bauchi. Su ne mutanen farko da suka bar bayanin abin da idonsu ya gani a ƙasar Kudu, kuma har yau bayanin nasu yana karantuwa.

Bayansu, labarin ƙasa da na hanya a baki ya zauna. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da mahajjata masu tafiyar ƙasa ta Barno da Wadai, da almajirai masu zuwa gabas, kowa yakan dawo da labari, a baje shi a zaure bayan lisha. Waɗanda suka fara mayar da irin wannan labari littafi, baƙi ne. Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairun 1824 daga Kukawa ta hanyar Katagum, Heinrich Barth kuma ya iso a 1851, dukansu suka rubuta kasuwa da farashi da tufafi da ganuwa dalla-dalla, saboda waɗanda suka aiko su abin da suke so ke nan.

Amma a ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bawa yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi. Ya bi Barth har Tumbuktu, ya bi shi har Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya riƙa ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, ana rubutawa, aka fitar da shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dubi Turawa yadda su ma suke duban mutanensa: abincinsu, sanyin ƙasarsu, yadda suke zama a tebur. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. Da shi za a iya cewa rubutaccen labarin tafiya na Hausa da boko ya soma, kuma tun daga somawarsa fuskarsa nesa take kallo.

Haka aka ci gaba. Da Rupert East na Ofishin Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, littattafan da suka fito kusan duk tafiya ce ƙashin bayansu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon neman wani ruwa ne daga gari zuwa gari. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya ɗauki yaro daga Kagara, ya bi da shi Kano, ya tsallakar da shi hamada. Ganɗoki na Bello Kagara ya fita daga yaƙin Turawa ya faɗa ƙasashen aljanu. Marubutan farko sun gane abin da masu tatsuniya suka daɗe da sani, cewa idan mutum ya bar ƙofar gidansu labari ya samu. Bayan shekara goma, a 1943, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana cikinsu a matsayin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ma ya bar nasa labarin tafiya, Motsi Ya Fi Zama.

Littattafai ne masu daraja, ba mai musun haka. Sai dai sun kafa wata ɗabi'a da ta daɗe: tafiyar da ta cancanci alƙalami ita ce ta jirgi, ta Landan ko ta Makka. Zuwa Gwaram ko Sara ko Farin Dutse kuwa ana ɗaukarsa zuwa unguwa ne kawai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Imam yana da albashi da maɗaba'a a bayansa, kuma wani ne ya biya kuɗin jirginsa. Fagg ma'aikacin gwamnati ne. Rubutun tafiya yana cin kuɗin mota da kwanaki, kuma a tarihin ƙasar nan mai biyan waɗannan shi yake zaɓar inda za a nufa.

Marubuci mai zaman kansa, wanda ba hukuma a bayansa, ya bayyana da ƙarfinsa ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Matasa da matan aure a Kano da Kaduna da Zariya suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da daga baya aka kira Adabin Kasuwar Kano. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suna cikin waɗanda suka yi fice, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Rayuwarsu ta yau da kullum ba ta hutu ba ce. Da rana mutum yana aji yana koyarwa, ko yana shago, ko tana kicin da hidimar yara, sai dare ya raba a jawo littafin rubutu na 'yan makaranta a cika shi da biro. Daga nan a kai wa mai buga tafireta, a kai maɗaba'a, a biya rabin kuɗi, a ɗauko ɗaurin littattafai a kai wa 'yan kasuwa bashi, a yi ta sintirin karɓar ciniki. Dabarar raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku daga nan ta samo ƙarfi, don cinikin na farko shi yake buga na biyu. Yau wayar hannu ta karɓi aikin maɗaba'a: ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki. Tun daga 2016 kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa ta buɗe wa mata marubuta wata ƙofa.

Wannan adabi ya yi abin da hukuma ba ta iya ba, ya sa dubban mata karatun Hausa don jin daɗi. Amma marubucin da jarinsa ke hannun mai karatu dole ya ba shi abin da yake nema, kuma abin da aka fi nema soyayya ce da rikicin gidan aure a cikin birni. Saboda haka a yawancin littattafan ƙauye ba shi da suna. Wuri ne da ake ɗauko yarinya matalauciya a kai ta gidan Alhaji, ba a faɗin ranar kasuwarsa, ko abin da ake nomawa, ko sunan dutsen da ke bayan gari. Wannan asara ce babba, domin ƙasa kamar ta Kudu cike take da abin rubutawa.

A ɗauki ƙarni na 19 kaɗai. Birnin Kudu da Gwaram a lokacin suna bakin iyakar ƙasar Kano ta kudu maso gabas, duwatsun Ningi suna kallonsu. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka tashi daga Tsakuwa bayan saɓani da sarautar Kano kan haraji, suka shige duwatsun, suka haɗa kai da mutanen wurin. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, dakarun Ningi ƙarƙashin shugabanni irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya suka riƙa kai hari kudancin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Manomin wannan yanki ya yi shekaru yana noma kunnensa na jiran kururuwa, ganuwa da dutse su ne mafakarsa. Wanda ke neman tushen ƙagaggen labari, ga uwa da aka kama ɗanta a gona, ga malamin da ya rasa ɓangaren da zai bi tsakanin sarki da 'yan'uwansa malamai. Sai kuma Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, inda ɓangaren Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, maƙwabciyar Birnin Kudu, suka nemi goyon bayan garuruwan kudu da gabas kafin shugabansu Aliyu Babba ya shiga birni. Tarihin da aka rubuta ya fi bin sarakuna da 'ya'yansu. Abin da talakan Surko ko na Kila ya gani a waɗannan shekaru, wurin jikokinsa za a je a tambaya.

Na kusa ma akwai. Kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ta tara yara daga ko'ina a tsohuwar Jihar Kano, Aliko Ɗangote yana cikin waɗanda suka yi karatu a can. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad, ɗan Birnin Kudu ne, Sule Lamido kuma, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ɗan Bamaina ne a cikin ƙaramar hukumar. Yadda yankin da ya saba kallon Kano ya koma kallon Dutse, babban birnin sabuwar jihar, da abin da hakan ya canza wa direba da ɗan kasuwa da ma'aikaci, labari ne da masu shi suke raye suna iya bayarwa. Ko sunan Gwaram Tsohuwa kawai ya isa ya sa mai son sani ya tsaya ya tambayi abin da ya raba ta da sabuwa.

Tafiyar kuwa ba ta buƙatar fasfo. Daga Kano mota ce ta bi ta Wudil, ta haye gada, ta wuce Kwanar Huguma, kafin azahar an sauka. Sauran aikin na ƙafa ne da ɗan acaɓa da ladabi. Baƙo yakan fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ya tuɓe takalmi, ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da wanda zai kai shi wurin dattawa. Tambaya ba a yin ta da gaggawa. Sai an gaisa, an tambayi gida da damina, an sha ruwa, wani lokaci sai a zuwa na biyu baki yake buɗewa. Mace marubuciya tana da damar da Fagg bai samu ba, don ita tana iya yin sallama ta shiga har cikin ɗaki, ta zauna kan tabarma kusa da Iya ko Gwaggo, inda rabin tarihin kowane gari yake ajiye.

Matar Fagg, Catherine, ta ci gaba da bin sawun duwatsu masu amo bayan rasuwarsa, ta fitar da littafi a kansu a 1997, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma tana kula da wuraren zanen na Birnin Kudu. An auna duwatsun, an ɗauki hotonsu. Waƙoƙin da ƙawayen amarya suke yi a gindinsu, da wanda ke raka su, da abin da ake dafawa a ranar, da shekarar da aka fara jin nauyin zuwa, waɗannan suna bakin matan da suka je. Yarinyar da aka kai dutse tana amarya a shekarar da Fagg ya zo, in Allah ya ja kwananta, yau ta haura tamanin.