Faɗuwar darajar babur da lissafin riƙe tsoho ko sayen sabo a Abuja

A garuruwan da ke kewaye da birnin Abuja, irin su Kubwa, Nyanya, Karu, Mpape, Kuje da Gwagwalada, babur jari ne da dubban magidanta ke ci da iyali da shi, kuma shi ne abin hawan ƙaramin ma'aikaci da manomi da mai kai saƙo. Kamar kowace na'ura, darajarsa tana raguwa tun daga ranar da aka fitar da shi daga kwali. Masu lissafin kuɗi suna kiran wannan raguwa faɗuwar daraja, kuma ita ce asarar da mai babur ba ya ganin fitarta daga aljihu, sai ranar da ya kai babur ɗin gaban dillali.

A shekarun baya-bayan nan lissafin ya ƙara rikicewa, domin mutum yakan sayar da tsohon babur a kan kuɗin da ya zarce wanda ya saye shi sabo, har ya ɗauka riba ya ci.

Dalilin haka yana cikin darajar Naira. Yawancin baburan da ke kan titunan Nijeriya daga Indiya da Sin suke zuwa, ko dai a haɗe ko a wargaje a harhaɗa su a nan: Boxer na kamfanin Bajaj, da TVS da Hero daga Indiya, sai Haojue da Jincheng da makamantansu daga Sin. Ko kamfanin Honda, wanda ke da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun tun 1979, yana shigo da sassa daga waje. Saboda haka farashin babur yana bin farashin Dala sau da ƙafa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a hukumance, har ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. Sabon babur ya yi tsada, na hannu ya bi bayansa.

A ɗauki misali, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Wani ya sayi babur a kan Naira 400,000, ya yi shekara huɗu yana aiki da shi, yau dillali ya taya Naira 500,000. A ido ya samu Naira 100,000 a kai. To amma idan sabon irinsa ya kai Naira 1,300,000, abin da ke hannunsa kashi 38 cikin 100 ne kacal na kuɗin sabo, kuma sai ya cika Naira 800,000 kafin ya koma inda yake shekara huɗu da suka wuce. Ma'aunin gaskiya shi ne a kwatanta kuɗin da za a sayi tsohon da farashin sabon na yau. Tsohon rasit ba ya gaya wa mai babur komai a kan wannan.

Yadda ake lissafa ta

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara a wajen akantoci. Ta farko ita ce a raba asarar daidai wa daida a kan shekarun da ake sa ran na'urar za ta yi aiki. Idan an sayi babur Naira 1,200,000, ana sa ran zai yi shekara huɗu sannan a sayar da shi Naira 400,000, asarar ita ce Naira 800,000, wato Naira 200,000 a shekara. Ga mai aiki kwana 300 a shekara, wannan kusan Naira 670 ne a kullum. Wannan adadi shi ne ya kamata ɗan acaɓa ya ware kowace rana, ko a adashi ko a banki, kafin ya kira sauran cinikinsa riba. Wanda bai ware ba yana cin babur ɗinsa ne kaɗan-kaɗan.

Hanya ta biyu ta fi kusa da abin da ke faruwa a kasuwa: a cire wani kaso daga abin da ya rage a kowace shekara. Da kashi 25 cikin 100, babur na Naira 1,200,000 zai koma 900,000 bayan shekara ɗaya, 675,000 a ta biyu, kusan 506,000 a ta uku, kusan 380,000 a ta huɗu. Asarar shekarar farko Naira 300,000 ce, ta shekara ta huɗu kuwa ba ta kai 130,000 ba. A nan hujjar masu riƙe tsoho take: babur da ya manyanta ya riga ya gama zubar da mafi yawan darajarsa, riƙe shi wata shekara ba ya cin kuɗi da yawa ta wannan fuska.

Akwai dalilin da ya sa faɗuwar farko ta fi zafi, ko da babur bai yi wata guda a hannu ba. Mai saye ba ya iya ganin cikin inji, kuma yana zargin cewa ba a rabuwa da abu mai lafiya haka kawai, don haka yakan rage tayi domin kare kansa. Masanin tattalin arzikin Amurka George Akerlof ya yi bayanin wannan a 1970 game da kasuwar motoci na hannu, aikin da ke cikin waɗanda suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. A kasuwar babura abin ya fi tsanani, domin agogon da ke ƙirga tafiya yakan mutu da wuri, kuma da wuya a samu mai babur da ke ajiye tarihin gyara a rubuce. Mai shi ne kaɗai ya san abin da yake hawa. Tsohon doki, in ji Hausawa, sai mai shi.

Abin da ke tsufar da babur

Shekaru ba su ne kan gaba ba. Babur ɗin ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo yakan yi shekara shida da ƙarfinsa, na haya kuwa, mai fita tun asuba yana ɗaukar mutum biyu ko buhunan doya a hanyoyin Kwali da Abaji, yakan gaji cikin shekara biyu. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, idan ta samu hanyar shiga inji sai ta riƙa cin fistin da ringi. Hawan duwatsun Mpape da kaya yana cin kuloci. Jinkirin juyen baƙin mai, ko zuba gurɓatacce, shi ne mafi saurin kashe inji a cikin duka.

Ya kamata a bambanta gyara iri biyu. Taya, birki, sarƙa, fulogi, batir da wayoyi kayan ƙarewa ne, sabon babur ma zai buƙace su, kuma sauya su ba alamar mutuwa ba ce. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, da shan baƙin mai, da raguwar ƙarfi a hawa, suna nuna ringi ko silinda sun cinye. Wannan ma gyaruwa yake, kuma a kan ƙananan injina masu silinda ɗaya aikin ba ya kai kusa da kuɗin sabo, matuƙar an samu kayan gyara na ƙwarai da bakanike mai amana. Inda lamari ke sauyawa shi ne ƙarfen jikin babur. Idan ya tsage aka yi masa walda, ko ya karkace bayan hatsari har babur yana jan gefe guda, magana ta tashi daga kuɗi ta koma ta rai, kuma babu sabon inji da zai gyara wannan.

Samuwar kayan gyara tana riƙe daraja fiye da kyan fenti. Samfurin da kowane bakanike a Zuba ko Dei-Dei ya san cikinsa, wanda sassansa ke zuwa daga kasuwar Nnewi da Legas ba yankewa, yakan samu mai saye cikin kwana ɗaya. Wanda ba a cika gani ba, komai ingancinsa, sai an karya shi.

Doka ma tana rage daraja

A Abuja akwai wata faɗuwar daraja da littafin akanta bai san da ita ba. Tun ranar 1 ga Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake Ministan Babban Birnin Tarayya, aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Jami'an Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa ta birnin, waɗanda aka fi sani da VIO, tare da rundunar haɗin gwiwa, suna kama baburan da suka karya dokar, kuma a 2022 da 2023 an murƙushe ɗaruruwa daga cikinsu a bainar jama'a. Babur da aka murƙushe darajarsa ta ƙare a rana ɗaya, sabo ne ko tsoho, kuma bashin da ke kansa yana nan.

Haka abin yake a wasu wurare. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Legas ta faɗaɗa nata haramcin a Fabrairun 2020, ta ƙara tsananta shi a Yunin 2022. Jihar Neja, maƙwabciyar Abuja, ta hana sayar da wasu nau'o'in babura a ƙarshen 2021 saboda 'yan bindiga. A Yulin 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa Majalisar Tsaro ta Ƙasa tana duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa, kodayake ba a aiwatar ba. Duk inda aka rufe hanya, masu babura sukan fitar da su kasuwa a lokaci guda, farashi ya karye. Wanda zai ci bashin shekara biyu don sabon babur yana caca ne a kan cewa unguwar da yake aiki za ta ci gaba da zama a buɗe tsawon wannan lokaci.

Inshorar da doka ta wajabta ba ta rufe wannan gibi. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ga babur Naira 3,000 a shekara, amma tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne, ba ta biyan mai babur idan an sace nasa ko ya lalace.

Shekara mai zuwa ita ce abin aunawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai babur ya ce ya riga ya kashe kuɗi masu yawa a gyara, don haka ba zai rabu da shi ba. Kuɗin da aka kashe sun tafi, ko an riƙe ko an sayar. Tambayar da ke da amfani ita ce nawa tsohon zai ci a watanni 12 masu zuwa, nawa kuma sabon zai ci.

Man fetur ya ƙara nauyi a wannan lissafi. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai Naira 200 a hukumance ba. Cikin kwanaki ta koma Naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a Oktoban 2024 ta kai Naira 1,030. Injin da ke ɗan zarce ƙa'ida wajen shan mai, wanda a da ba a damu da shi ba, yanzu yana da farashi.

A koma ga misalin babur mai shekara huɗu, a hannun ɗan haya. Faɗuwar darajarsa a shekara ta biyar kusan Naira 95,000 ce. A ƙaddara gyara zai ci 200,000, ƙarin rabin lita a kullum a kan Naira 900 zai ci 135,000, kwana 20 a wajen bakanike ba aiki kuma, a kan cinikin 8,000, asarar 160,000 ce. Jimilla 590,000. Sabon zai zubar da 300,000, gyaransa a ce 70,000, jimilla 370,000. Ga mai kuɗi a hannu, sabon ya fi sauƙi da Naira 220,000.

Kaɗan ne ke da kuɗin a hannu. Yawanci kan karɓi babur ne a biya kaɗan-kaɗan, ta hannun dila ko ƙungiya ko wani mai hali, ana kai balas kullum ko mako-mako, kuma jimillar abin da za a biya takan zarce farashin kasuwa nesa ba kusa ba. Idan ƙarin da aka ɗora ya wuce waccan Naira 220,000 a shekara, tsohon ya fi araha duk da wahalarsa. Dokar sayen kaya ta biya kaɗan-kaɗan ta 1965 ta tanadi cewa idan mai karɓar abin hawa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai kaya ba zai ƙwace ba sai ta hanyar kotu. Sai dai kariyar tana wuyar samuwa ga wanda yarjejeniyarsa ta baka ce.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da tafiyarsa ba ta wuce 'yan kilomitoci a rana, lissafin yakan juye gaba ɗaya. Kwana a wajen gyara ba ya hana shi albashi, ƙarin man ba shi da yawa, kuma sabon babur zai riƙa zubar da daraja a ƙofar gida ko an hau ko ba a hau ba. Irin wannan mutum, matuƙar ƙarfen jiki da birki suna lafiya, sauke inji sau ɗaya ya fi masa sayen sabo.

Wanda ya yanke shawarar sayarwa ya fi samun kuɗi idan ya sayar babur yana tafiya da ƙafarsa, domin da zarar inji ya buga, masu tayi su ne masu ɓaɓɓalla shi su sayar da sassa, a ƙarshe kuma 'yan jari-bola masu awon ƙarfe a kilo. Takardu suna ƙara farashi: rasit na asali, rajista, da lambar inji da ta jiki waɗanda suka dace da abin da ke rubuce. Saboda yawan satar babura, mai saye mai hankali ba ya taya wanda ba shi da su, ko kuma ya taya shi da arahar da ta yi daidai da haɗarin. Mai sayarwa ma yana da abin da zai kare: a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a ajiye kwafinta, a kuma sauya sunan mallaka a ofishin rajista, domin idan aka aikata laifi da babur ɗin, sunan da ke kan lambar shi za a fara nema.