Kanar Tom Parker: Nazarin Dillancin Kiɗan Kantiri a Amurka

Kiɗan kantiri na mutanen karkarar kudancin ƙasar Amurka ya samu shiga gidajen jama'a ne ta rediyo, musamman shirin Grand Ole Opry da tashar WSM ta Nashville ta fara a 1925. Sai dai abin da rediyo ke biyan mawaƙi bai taka kara ya karya ba. Suna kawai yake samu a can, kuɗi kuwa suna kan hanya: a ɗakunan taron makarantu, da filayen baje kolin amfanin gona, da tantunan da ake kafawa a bakin gari. Wannan ne ya sa dillalin wasa, wato mai riga ayari isa gari ya kama wuri, ya manna takardun talla, ya sayar da tikiti, ya zama ƙashin bayan sana'ar. Cikinsu babu wanda ya kai Tom Parker suna, kuma rayuwarsa ta nuna amfanin wannan aiki da illarsa gaba ɗaya.

Sunansa na yanka Andreas van Kuijk, an haife shi a Breda ta ƙasar Holan a 1909. Ya shiga Amurka ba da takardu ba, ya sauya suna, ya yi aikin soja na ɗan lokaci, sannan ya shafe shekarun 1930 yana bin ayarin masu wasan yawo, masu tafe da lilo da dabbobi da rumfunan ciye-ciye daga wannan gari zuwa wancan. Nan ce makarantarsa. Muƙamin Kanar ma na girmamawa ne, gwamnan Luwiziyana Jimmie Davis, wanda shi ma mawaƙin kantiri ne, ya ba shi a 1948.

Darasin da ayarin ke koyarwa ɗaya ne: kwana kaɗan za a yi a gari, don haka duk abin da za a samu a karɓe shi yau. Kamar ɗan koli ne mai cin kasuwar ƙauye, wanda ya san da yamma zai naɗe tabarmarsa. A kan haka Parker ya gina dabarunsa. A cika gari da talla kafin mai wasa ya iso, a karɓi kuɗi a hannu kafin a hau dandamali, kuma kada a raina cinikin bakin ƙofa na hotuna da littattafan waƙa. Ya fara gwada su da mawaƙi Gene Austin a ƙarshen shekarun 1930. Da ya zauna a Tampa yana aiki da wata ƙungiyar kula da dabbobi, sai ya riƙa gayyato mawaƙan Nashville don tara mata gudummawa, ya ga da idonsa irin taron da suke ja.

A ganina, aikinsa da Eddy Arnold daga 1945 zuwa 1953 shi ne mafi tsabta a tarihinsa, kuma shi ne aka fi mantawa. Ya samo wa Arnold tallafin kamfanin abincin dabbobi na Purina a rediyo, ya sa shi a finafinai biyu, ya kai shi Las Vegas a lokacin da ake yi wa kiɗan kantiri kallon na ƙauyawa. Muryar ta Arnold ce, ba shakka, amma Parker ne ya nuna cewa mawaƙin karkara zai iya cin kasuwar ƙasa baki ɗaya. Duk da haka Arnold ya sallame shi a 1953.

Daga nan ya haɗa gwiwa da Hank Snow, suna shirya wasanni a jihohin kudu. A cikin wannan yawo ne a 1955 aka saka wani yaro ɗan Memphis da ke waƙa a shirin Louisiana Hayride, Elvis Presley. Mutane kan manta cewa ta hanyar ayarin kantiri Elvis ya fito. A Nuwamban shekarar Parker ya sa kamfanin RCA ya sayi kwantiraginsa daga kamfanin Sun a kan dala 35,000, kuma Snow, wanda ya zaci da shi za a yi, ya wayi gari babu sunansa a takarda.

A nan ne dabarar yau-yau ta nuna iyakarta. Manajoji kan ɗauki la'adar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, Parker ya fara da kashi 25, daga 1967 kuma ya kai rabi a wasu yarjejeniyoyi. Ya ɗaure Elvis a finafinai 31, yawancinsu na gaggawa, domin kuɗinsu na hannu ne. A 1973 ya sayar wa RCA haƙƙin dukkan waƙoƙin da Elvis ya ɗauka kafin lokacin a kan dala miliyan 5.4, cinikin da sai wanda bai lissafa gobe ba ne zai yi, alhali waƙoƙin suna ta sayuwa har yanzu. Ban da wasannin Kanada na 1957, Elvis bai taɓa yin wasa a wata ƙasa ba, kuma masu tarihi da dama sun danganta hakan da rashin fasfon manajansa. Cacar da Parker ya afka cikinta a Las Vegas ta ƙara masa ƙishin kuɗin hannu, shi kuwa Elvis yana ta zagayen wasanni lafiyarsa na ja da baya har ya rasu a 1977.

Masu kare Parker suna cewa yana cika alkawarin da ya ɗauka wa masu ɗakunan taro, kuma bai taɓa bari a yi wa mawaƙinsa tayin banza ba. Haka ne. Amma ƙwarewar cika tanti daban, riƙon amanar rayuwar mutum daban, kuma na biyun ne ya gagare shi. A 1981 lauya Blanchard Tual, wanda kotun gado ta Memphis ta naɗa don kare haƙƙin 'yar Elvis, ya bayyana cewa kason Parker ya wuce ƙima, aka shiga shari'a, aka sasanta a 1983. Parker ya ci gaba da zama a Las Vegas, inda ya rasu ranar 21 ga Janairun 1997 yana da shekara 87.