Ƙaramin inji ko babba? Zare kan tarihin injin jirgin ruwa, daga Amurka zuwa Gulbin Gagare

1/ Zaren yau kan inji ne. In mutum ya samu tsohon jirgin ruwa zai gyara, wane inji ya dace ya ɗaura masa, ƙarami ko babba? Gardamar nan ta haura shekara 60 ana yin ta a duniya, kuma ta shafe mu a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Ku biyo ni sannu 🧵

2/ Mu fara da gida. Gulbin Gagare ya bi ta Ƙaura Namoda ya nufi Shinkafi. Bunsuru kuma ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa ƙasar Zurmi. Can arewa suke haɗuwa, ruwansu ya shiga Gulbin Rima. Da rani yashi ne, yara na buga ƙwallo a ciki. Cikin Agusta kuwa ko ƙato bai isa ya shiga da ƙafa ba.

3/ Shi ya sa kakanninmu ba su zama mutanen jirgi irin Sarkawan Kabi da Yawurawa ba. Fatauci a nan na jaki da raƙumi ne. Ko da inji ya zo mana, ta tudu ya zo: layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙaura a 1929, ana lodin gyaɗa da auduga. Kwale-kwale aikinsa fito kawai, 'yan watannin damina, da gora da filafili.

4/ To ina injin jirgi ya samo asali? A 1909 wani makaniki haifaffen Norway mai suna Ole Evinrude ya ƙera injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale, a birnin Milwaukee na Amurka. Ƙarfin doki ɗaya da rabi ne kacal. Ba shi ya fara gwadawa ba, amma nasa ne ya fara karɓuwa a kasuwa.

5/ Gardamar ƙarami da babba kuwa daga mota ta fito. A 1955 kamfanin Chevrolet, ƙarƙashin injiniya Ed Cole, ya fitar da inji mai silinda 8, lita 4.3. A 1958 suka yi wani mai gangar jiki mafi girma don manyan motoci. Daga baya aka riƙa ce musu ƙaramin bulok da babban bulok. Bulok shi ne gidan ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki.

6/ Ga abin mamaki. Babban bulok na farko lita 5.7 ne, kuma ƙaramin bulok ɗin da suka fitar a 1967 shi ma lita 5.7 ne. Ashe sunan girman gidan ƙarfen yake nufi da nauyinsa. Babban ya ci gaba da faɗaɗa har lita 7.4 a 1970. Ƙaramin kuwa shi ya cika duniya, an ƙera sama da miliyan 100.

7/ Yaya aka yi suka faɗa ruwa? Volvo Penta a 1959, sai MerCruiser a 1961, suka fito da tsarin da za a ajiye injin mota cikin jirgi, farfela na waje ta baya. Amma fa ruwa ba hanya ba ne. Babu gangare, babu inda inji zai huta. Ka ɗauka tirela ce da lodi tana hawan tudun da ba ya ƙarewa.

8/ Nan masu jiragen gudu suka rabu biyu. Masu babba suka ce yana da ƙarfin ja, yana ɗaga jirgi mai nauyi ba tare da an matsa masa ba. Masu ƙarami suka ce ya fi sauƙi da kimanin kilo 50, bai cika shan mai ba, kayan gyaransa ko'ina akwai. Da ƙasashen Larabawa suka tsuke mai a Oktoban 1973, farashi ya ninka kusan sau huɗu, maganar masu ƙarami ta ƙara nauyi.

9/ Mu kam ba waɗannan injinan suka iso mana ba. Na Japan ne. Yamaha ta fara injin rataye a 1960, a shekarun 1970 ta fito da samfurin Enduro don masunta da masu fito a Afirka da Asiya. Gaurin fetur da baƙin mai yake sha, makanikin babur ma zai iya kwance shi. Har masu amfani da kananzir sun yi.

10/ A Arewa, inda injin ya samu gindin zama shi ne inda ruwa ba ya ƙafewa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafki ya cinye tsoffin garuruwa da hanyoyi, aka tashi mutum sama da 40,000. Zuwa kasuwar Yawuri ko Warra ya koma sai da jirgi. Daga nan lissafin doki 15, doki 40, doki 75 ya shiga bakin mutane.

11/ Yanzu ɗan karatun aji, kar ku gudu 😅 Wani Bature ɗan Ingila, William Froude, ya yi gwaje-gwaje a shekarun 1870 kan yadda jirgi ke keta ruwa. Abin da aka fahimta shi ne, jirgin da ke tafiya cikin ruwa, ba bisa fuskarsa ba, tsawonsa ne ke yanke masa gudu.

12/ Misali, jirgin katako mai tsawon mita 9 da lodi a ciki, daga wajen kilomita 13 zuwa 14 a awa gardama ke farawa. Siriri yakan ɗan wuce haka. Amma in ka ninka masa inji, gudun ba ya ninkuwa. Sauran ƙarfin sai ya tafi wajen tono ruwa: hanci ya ɗaga, baya ya lotsa, igiyar ruwa ta tashi.

13/ A gidanmu ma an yi wannan gardamar. Kawuna na da tsohon jirgin fito da ya daɗe a kife, aka kira kafinta ya duba. Ɗansa ya dage sai doki 40, wai a huta da gora, a yi sawu da yawa ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi. Kawu ya ce mini, "Ɗana, kai ne mai karatun inji, zauna ka yi mana lissafi." Ga abin da na lissafa musu.

14/ Na farko nauyi. Enduro mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai saɓa shi ya kai gida da yamma. Mai doki 40 ya haura kilo 70, wato ka zaunar da ƙato guda a ƙarshen jirgi kafin fasinja ya shiga. Kuma katakon bayan da za a ɗaura shi, shi ke karɓar duk girgiza da turi. Tsohon katako da tsoffin ƙusoshi ba sa jure wannan.

15/ Na biyu gulbin kansa. Gagare da Bunsuru gulaben yashi ne, inda ke da zurfi jiya yau tudu ne. Babban inji ya fi nutsa baya, farfela ta daki ƙasa, famfon sanyaya inji ya zuƙi yashi ya cinye. Ƙaramin kuwa da hannu ɗaya za ka ɗaga shi ka ci gaba da gora.

16/ Na uku mai. In an buɗe wuta duka, mai doki 15 na shan kusan lita 7 a awa, mai doki 40 kusan lita 20. Tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 kun san inda farashi ya kai. Ku tuna kuma a 2021 gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro. Inji mai ci da yawa a irin wannan lokaci ajiya ne kawai.

17/ Sai dai a yi wa babba adalci. In gulbi ya kawo, ruwan na gudu da ƙarfi, injin da ya yi wa jirgi kaɗan ba zai iya tsallaka shi a miƙe ba, ruwa zai ja shi ƙasa. Kuma injin da kullum ake matsa wa har ƙarshe ba ya daɗewa. Dogon jirgin Kainji mai buhunan hatsi da babura, wannan dole sai babba.

18/ Abin da ya fi damuna shi ne lodi. Wanda ya ci bashi ya sayi babban inji, mai na cin aljihunsa, dole ya ƙara fasinja kafin ya fita. Ƙarfin injin sai ya ruɗe shi, tunda jirgi na tafiya ya ɗauka lafiya lau. Alhali inji ba ya ƙara wa jirgi ko taƙi ɗaya na tsayi bisa ruwa.

19/ Mun ga abin da cikar jirgi ke yi. A Mayun 2021 jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi, sama da mutum 100 suka salwanta. A Satumban 2024 a Gummi, nan jiharmu, manoma ne za su tsallaka gona jirgi ya kife, gommai suka rasu. Allah Ya jiƙan su da rahama.

20/ Don haka in za a gyara tsohon jirgi, inji ne ƙarshen abin saye. A fara da katako da ƙusa da toshe ɓula. A shata layi da fenti a jikinsa, in ruwa ya taɓa layin a daina lodi ko wane ne ya zo. A sayi rigunan ceto. Abin da ya rage a aljihu, a nemi injin da zai tsallaka da wannan lodin ran da gulbi ya fi cika, da ɗan rara.

21/ Ga mafi yawan mashigan Gagare da Bunsuru, ni dai ƙarami na zaɓa, kuma kar a jefar da gora. 'Yan Yawuri da Argungu da Goronyo da ke nan, ku kun fi mu sanin ruwa. Wane inji ake amfani da shi a mashiginku, kuma mutum nawa ake zubawa a sawu ɗaya? Ku faɗa mana a ƙasa, ku tura wa duk wanda gidansu ke da jirgi.