Garmaho a Kan Daɓe: Ɗakin Bahaushe da Amon Faifai a Ƙasar Kano

A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke riƙe murya ta kuma mayar da ita, bayan shekara goma kuma Emile Berliner ya zo da mai amfani da faranti zagayayye, wanda Bahaushe ya duba ya ga kamarsa da faifan da mata ke rufe ƙwarya, ya ba shi sunan. Masu rubuta tarihin garmaho sun fi bin kamfanoni da mawaƙa. Amma garmahon da ake wanawa da hannu ba shi da lantarki, ba shi da abin ƙara sauti. Allurar ƙarfe ce ke bin layin faifai, ta kaɗa wani ɗan tantani, ƙaho ya buɗa amon zuwa iska. Daga nan sauran aikin na ɗaki ne, kuma ɗakin da garmaho ya tarar a ƙasar Kano ya sha bamban da wanda aka ƙera shi dominsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi suka shiga hannun manoma da dillalai a Bichi da Dawakin Tofa da Ɗambatta da Minjibir. Wannan ƙasa ce mai cike da mutane, gona na haɗe da gona, kuma birni bai yi wa mai jaki nisa ba. Hanyar da gyaɗa ta bi zuwa kantunan Turawa da na Kwara ita kayan kanti suka biyo zuwa ƙauye: keke, fitilar ƙwai, atamfa, da akwatin garmaho ga wanda ya samu hali. Tun wajejen 1927 kamfanin Zonophone ya fara ɗaukar muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, har da Hausa a cikin harsunan da aka ɗauka. Faifan yana juyawa sau 78 a minti, kowane gefe bai fi minti uku ba, sai a juya shi, a sake allura, a sake wani.

A Ingila, inda kamfanin His Master's Voice ke ƙera waɗannan akwatuna, daɓen gida yawanci katako ne da aka shimfiɗa bisa gungume. Katako yana amsa amo, yana ƙara masa kauri, amma idan mutum ya taka da ƙarfi sai allura ta yi tsalle. Daɓen Bahaushe kuwa ƙasa ce da tsakuwa, mata su taru da madaɓai su yi ta bugu suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga kwasfar ɗorawa, har wurin ya yi tauri ya yi santsi. Irin wannan daɓe ba ya rawa. Ko yara goma na tsalle a zaure, allura tana nan kan layinta. Ba ya kuma ƙara wa garmaho komai daga ƙasa, don haka amon da ke fitowa tsabtatacce ne amma siriri, sai abin da bango ya ƙara masa. Mai garmaho da ya lura yakan ɗora shi bisa akwatin katako ko ya tura shi kusurwa, nan take murya ta yi jiki.

Maganar kusurwa tana da dalili a ƙirar na'urar kanta. Ƙananan garmaho na ɗauka, irin samfurin 101 na 1925 da 102 na 1931, ƙahonsu a naɗe yake cikin akwati, bakinsa na buɗewa ta baya, marfin da aka ɗaga shi ke turo amon zuwa ga masu saurare. Wato tun daga masana'anta an gina shi ne a kan ya sami abin da zai doka ya dawo. Bangon tubali mai kauri, wanda aka yi wa yaɓe, yana mayar da amo ba tare da kaifi ba, domin fuskarsa ba shafaffiya ba ce kamar gilashi, tana warwatsa shi ne. Soro kuma ba ya cika faɗi, saboda azarar giginya tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki nauyin ƙasa, sai in magini ya yi bakan gizo. A ƙaramin ɗaki amo ba ya yin doguwar tafiya kafin ya dawo, don haka kalmomin mawaƙi ba sa hawa kan juna. A zauren hakimi mai tulluwa lamarin ya sake: rufin da ya lanƙwasa yana tara amo a wuri guda, wanda ya zauna a tsakiya ya ji kamar mawaƙin na bisa kansa, na bakin ƙofa kuwa ya yi ta miƙa kunne. Ɗakin jinka shi ne akasin wannan. Ciyawa tana shanye sauti, garmaho ya yi laushi ya dushe, dole a matso kusa.

Abin da masu garmaho suka gano da kunne, wani malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, ya auna shi daga 1895, lokacin da aka ba shi gyaran wani ɗakin lacca da amsa-kuwwa ta hana a ji magana a cikinsa. Ya yi ta ɗauko matasan kujeru daga wani zaure da dare yana auna yadda kowace ke rage tsawon amo, ya nuna cewa girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti su ne ke hukunci. Da ya zo Ɗambatta da bai sha wahalar neman matasai ba. Tabarmar kaba, buzu, da manyan rigunan mutum ashirin da suka cika zaure sun isa su canja muryar faifai tsakanin farkon hira da tsakiyarta.

A ganina akwai wani dace da ba a cika faɗa ba. Garmaho rago ne wajen amo mai zurfi. Tambari ko babbar ganga sukan fito a cikinsa kamar ana buga ƙwarya. Inda yake da ƙarfi shi ne tsaka-tsakin sauti, wurin da muryar mutum da kalangu da kukuma da goge suke zaune. Ɗakin ƙasa kuma yana tausasa ƙarar allura da ke bin bayan kowace waƙa. Sai dai ƙasar da ta kyautata amon ita ce ta cinye fayafayan: ƙurar hunturu ta shiga layi, allura ta niƙa ta kamar yashi, zafin bazara ya lanƙwasa abin da aka jingina a bango.

Garmaho bai daɗe yana sarauta ba. Rediyon waya ya shigo Kano a 1944, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kaset kuma ya biyo baya ya rufe babin. A daidai waɗannan shekaru siminti ya fara maye daɓe, kwano ya maye azara. Siminti da bulo da kwano duk masu mayar da amo ne da kaifi, kuma abin da suka fi mayarwa shi ne ɓangaren da garmaho ya riga ya yi yawa a cikinsa. A ɗakin amarya, inda aka jera kwalla da tasoshi har rufi, kwanukan ma sukan kama ƙara. Wanda ya ɗauko garmahon kakansa yau ya wana shi a falo mai tayil zai ji tsiwa da ƙarau, ya yanke hukuncin cewa mutanen da ba su san daɗin sauti ba. Hukuncin bai yi adalci ba, domin ya saurari na'urar ne a ɗakin da ba nata ba.

Wannan ya shafi masu adana kayan tarihi kai tsaye. Mayar da tsofaffin fayafayai cikin kwamfuta aiki ne mai kyau, amma yana adana abin da ke cikin layin faifai kaɗai. Kano tana da Gidan Makama, ginin ƙasa mai azara da bakan gizo, kuma a garuruwan arewacin jihar akwai sauran zaurukan hakimai da dagatai da ba a rushe ba tukuna, ko da yake kowace damina tana rage su. Garmaho ɗaya mai lafiya, gwangwanin allura, tabarma, da zaure guda da aka bar masa daɓensa sun isa ɗalibi ya ji faifan 1930 kusan yadda manomin gyaɗa na Bichi ya ji shi.