Anini Mai Huda da 'Yan'uwansa: Me Ke Cikin Gwangwaninmu?

Da wuya a samu ɗan ƙungiyar nan da ba shi da gwangwani ko tsohuwar jaka da yake watsa ragowar canji in ya dawo daga tafiya. Dalar sefa daga Maraɗi ko Birnin Ƙonni, fesuwa daga Kumasi, silallan Kamaru masu kawunan dabbar daji uku da ba sa sayen ko ruwan leda a Yamai, alhali su ma sefa ne. 'Yan canji ba sa karɓar ƙarfe, takarda suke so. Tunda bikin zagayowar shekara ya tara mu, bari mu zazzage gwangwanin, don a wajen masu tara tsoffin kuɗi wasu daga cikinsu sun wuce abin da aka rubuta a jikinsu.

Mu fara da anini. Turawan Ingila sun fito da shi a 1907 don ya maye gurbin wuri, saboda kobo ya yi wa cefanen talaka girma. Anini goma ke yin kobo, kobo goma sha biyu sule, wato anini 120 a sule guda. An huda tsakiyarsa yadda za a zura shi a igiya kamar yadda aka saba da wuri, aka yi masa tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Na farko da alminiyam aka buga shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure gumi da damshi ba, sai a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. Shi ya sa samun na alminiyam da bai ci ba yake da wuya, masu tarawa kuma suna nemansa.

Bayan an kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, kuɗi ɗaya ake kashewa a Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya. Kakanninmu fataken goro sukan tashi daga Kano su sauka zangon Kumasi da sule ɗaya a aljihu, babu mai yi musu canji. Gana ta fitar da nata a 1958, Nijeriya a 1959, naira da kobo suka zo a 1973. Mu da muke asarar riba a wajen canji kullum mun san abin da aka rasa.

Akwai na 1936 da ya kamata a duba. Sarki Edward na Takwas ya hau a watan Janairu, ya sauka a Disamba, Ingila ba ta kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Namu masu huda ba su da wurin hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka kobo da sisin kobo da anini suka fito da sunansa. Labarin yana da daɗi, amma kada a ruɗe mu: an buga su da yawa ƙwarai, mafi yawansu ba su da tsada. Abin da mai saye ke dubawa shi ne shekara, da ɗan harafin H ko KN da ke nuna masana'antar Birmingham da ta buga, da kuma ko rubutun ya goge.

Haka zancen liyari, azurfar nan mai hoton Mariya Tariza da iyayenmu mata ke ado da ita. Kowacce 1780 ne a jikinta, domin shekarar da sarauniyar ta rasu aka ci gaba da bugawa har zamaninmu. Wanda ya ce maka tasa ta haura shekara ɗari biyu saboda lambar, ko bai sani ba ko yana neman kuɗinka. Yawanci nauyin azurfarta ne farashinta.

Ɓarnar da ta fi yawa da hannunmu muke yin ta. Mutum ya ga kobo ya yi baƙi, sai ya sa toka da lemon tsami ya dirje shi har ya yi ƙyalli, ya zaci ya gyara. A idon mai tarawa ya kashe shi, don wannan duhun da shekaru suka sa masa yana cikin abin da ake saye. Wanda aka huda don sarƙa, ko maƙeri ya yi masa walda, shi ma ya tashi daga lissafi. Wasunmu kuma sun sayar da na gado a mudu ga masu narkawa su yi zobe.

Duk mai gwangwani ya ware masu huda gefe guda, ya naɗe kowanne a takarda busasshiya, ya rubuta shekararsa da garin da ya samo shi, in ya tuna. Kafin ya sallama wa kowa, ya ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku.